Yaƙin Gadon Sarauta da Hannun Baƙo: Basasar Kano da Yaƙin Janar Lugga, 1893–1903

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da wannan karin magana ne mutane da yawa ke bayyana faɗuwar Kano a hannun Turawan Ingila a shekarar 1903. A ganinsu, yaƙin da 'ya'yan gidan Dabo suka gwabza a tsakaninsu daga 1893 zuwa 1895, wanda aka fi sani da Basasa, shi ne ya karya lagon Kano, har Nasara suka zo suka tarar da ita a galabaice. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma tana bukatar awo, domin kuwa garuruwan da ba su yi basasa ba su ma sun faɗi kamar yadda Kano ta faɗi, waɗansu ma cikin 'yan sa'o'i.

Abin da wannan lacca ke son nunawa shi ne, babbar ɓarnar Basasa ta faɗa ne a kan wata tambaya guda: wane ne ke da ikon naɗa sarki, kuma maganar wa ce ta ƙarshe idan 'yan sarki suka yi jayayya? Kafin 1893 amsar a fili take, watau Sarkin Musulmi. Basasa ta raunana wannan iko, sa'an nan bayan shekara takwas Janar Lugga ya zo ya ɗauke shi. Daga hannunsa ya wuce zuwa gwamnatin Kaduna, daga can kuma zuwa gwamnatocin jihohi. Batun ya shafi ɗalibin tarihi, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati, tun da yake a ofis ake rubuta takardar naɗin sarki da ta tuɓe shi.

Kafin a shiga labarin Kano, zai kyautu a ɗauko ma'auni daga wani yaƙin gadon sarauta da aka yi a Turai, wanda wani janar na Ingila ya yi suna a cikinsa.

2. Ma'auni daga Turai: Janar Malbaro

Ranar 1 ga Nuwamba, 1700, Sarki Karlos na 2 na ƙasar Sifen ya rasu bai bar ɗa ba. Daular da ya bari ta ƙunshi Sifen kanta, da wani yanki na Italiya, da ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, da kuma ƙasashe masu faɗi a nahiyar Amurka. Ya yi wasiyya da a ba Filib, jikan Sarki Luwi na 14 na Faransa. Gidan sarautar Ostiriya kuwa suka ce gado na ɗansu ne, Yarima Karl. Ingila da Holan ba su da ɗan takara na kansu, amma sun ji tsoron Faransa da Sifen su zama ƙarƙashin gida ɗaya, saboda haka suka goyi bayan Ostiriya, suka ɗaura yaƙi a 1702. Wanda aka ɗora a kan rundunarsu shi ne Jon Cocil, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Malbaro, kakan kakannin Winston Cocil.

A shekarar 1704 Faransa da ƙawarta Bafariya suka yi shirin cin Biyana, babban birnin Ostiriya. Malbaro ya kwashi rundunarsa daga kan iyakar Holan, ya bi gaɓar kogin Rain ya yi kudu, tafiyar mil 250 cikin mako biyar, har ya isa kogin Danub, alhali Faransawa na tsammanin wani wuri dabam ya nufa. A kan hanya da kuɗi hannu ya riƙa sayen abinci, don kada talakawa su gudu su bar shi da yunwa. Ranar 13 ga Agusta, tare da Yarima Yujin, ya karya rundunar Faransa a Bilenhaim, ya kama babban kwamandanta. Ya sake cin nasara a Ramili a 1706, da Udinad a 1708, da Malfilake a 1709, ko da yake a wannan na ƙarshe mutanensa sama da 20,000 ne aka kashe ko aka raunata.

To, amma duk da waɗannan nasarori, ɗan takarar Ingila bai hau gadon Sifen ba. A 1711 Sarkin Ostiriya ya rasu, Yarima Karl ya gaje shi, sai Ingila ta ga cewa haɗa masa Sifen da Ostiriya ba shi da bambanci da abin da ake gudu tun farko. A ƙarshen shekarar aka sauke Malbaro daga muƙaminsa. Yarjejeniyar Yutirek ta 1713 ta bar wa Filib rawaninsa, bisa sharaɗin ya sallama haƙƙinsa na gadon Faransa. Sifen ta rasa ƙasashenta na Italiya da Beljiyam. Ingila kuwa ta tashi da mashigin Jibralta, da tsibirin Minoka, da ikon kai bayi 4,800 kowace shekara daga Afirka zuwa ƙasashen Sifen na Amurka har shekara 30.

Abin lura a nan shi ne, baƙon da ya sa hannu a rikicin gado bai damu ƙwarai da kan da rawani zai sauka ba. Abin da ke ƙarƙashin rawanin yake nema, watau hanyoyin ciniki, da haraji, da ikon gindaya sharaɗi. Da wannan ma'auni za a duba Kano.

3. Tushen Basasa

Sarkin Kano Ibrahim Dabo, na gidan Sulluɓawa, ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Usman, da Abdullahi Maje Karofi, da Muhammadu Bello. A ƙa'idar Daular Usmaniyya, idan sarki ya rasu manyan gari su kan ba da shawara, amma Sarkin Musulmi ke yanke hukunci, Wazirin Sakkwato kuma, wanda al'amuran Kano ke hannunsa, shi ke kawo takarda ya naɗa. Ƙarfin wannan tsari bai dogara ga runduna ba, domin Sakkwato ba ta da sojan da za ta tilasta wa Kano da shi. Ya dogara ne ga mubaya'a, da kuma yardar da jama'a suka yi cewa hukuncin Sarkin Musulmi na bisa shari'a ne da maslaha.

Abdullahi Maje Karofi ya hau gado a 1855, ya daɗe yana sarauta, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya kuma rarraba musu sarautu. Fitacce a cikinsu shi ne Yusufu, wanda ya riƙe sarautar Galadima, ya yi suna wajen yaƙi da Ningawa a kudu maso gabashin Kano, kafin uban ya tuɓe shi saboda zargin yana gaggawar gado. Da Abdullahi ya rasu a Karofi a 1882, Sakkwato ta tsallake Yusufu ta naɗa ƙanen marigayin, Muhammadu Bello. Shi kuwa Bello ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa ɗaya bayan ɗaya, yana maye gurbinsu da nasa 'ya'yan da mutanensa, har ya naɗa ɗansa Tukur Galadima.

Wajibi ne a fahimci nauyin tuɓe basarake a wancan zamani. Kowace sarauta tana da garuruwan da ke ƙarƙashinta, daga nan mai ita ke samun rabonsa na kuɗin ƙasa da zakka, da su yake ciyar da barori da bayi da dawakai. Ran da aka tuɓe shi, duk waɗannan mutane sun rasa abin dogaro. Saboda haka a shekara goma sha ɗaya na sarautar Bello, Kano ta cika da 'yan sarki da barade masu makami waɗanda ba su da wani fata sai ranar da gado zai koma gidan Abdullahi. Naɗa Tukur a wurinsu na nufin rufe wannan ƙofa har abada.

A Sakkwato kuma, Abdurrahman ya zama Sarkin Musulmi a 1891, mutum mai tsanani wanda aka yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. A farkon sarautarsa ya kai yaƙi Argungu, aka sha kashi, amma Galadima Tukur, wanda ya jagoranci dakarun Kano, ya nuna jarumtaka a ranar. Tun daga nan zuciyar Sarkin Musulmi ta kwanta da shi. Sa'ad da Bello ya rasu a ƙarshen Nuwamba, 1893, Waziri Buhari ya san inda ra'ayin Kanawa ya karkata, ya kuma ba da shawarar kada a naɗa Tukur. Abdurrahman ya ƙi. Waziri ya bi umurni, ya naɗa Tukur a watan Disamba.

4. Yadda Yaƙin Ya Gudana

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka sauka a Takai, yankin da ya san shi tun zamanin yaƙe-yaƙen Ningi. Daga nan aka rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa. Manyan bayin sarki da dama, waɗanda bindigogin fada ke hannunsu, suka bi Yusufu. Ya sami taimako daga Gumel, ya ci Gaya da waɗansu garuruwan gabas, waɗansu kuma suka yi masa mubaya'a ba tare da faɗa ba. Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi nasara ba. Tukur ya karkashe waɗanda aka kama, ya kuma bi waɗanda ake zargi a cikin gari, abin da ya ƙara nisanta shi da zukatan jama'a.

Ana cikin haka Yusufu ya kwanta ciwon ajali, ya rasu a Garko a 1894. Kafin ya cika ya nuna ƙanensa Aliyu a matsayin magajinsa, alhali akwai waɗanda suka girme shi. Dalilin zaɓen yana da muhimmanci: mahaifiyar Aliyu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, watau jinin Shehu na gudana a jikinsa. Wannan ya nuna cewa Yusufawa ba su yi nufin ficewa daga daula ba. So suke su ci gado da takobi, sa'an nan su miƙa wa Sakkwato mutumin da zai yi mata wuyar ƙi.

A daminar 1894 Aliyu ya shiga Kano, Tukur ya gudu zuwa Kamri a ƙasar Katsina. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakunan daula da umurnin su taru su mai da Tukur kan gadonsa. A nan ne ɓarakar ta fito fili, domin mafi yawansu sun ja ƙafa, rundunar da ake jira ba ta taru ba. A watan Maris, 1895, aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, aka yi wa Tukur raunin da ya zama ajalinsa. An ƙone garuruwa, an kuma kama 'ya'ya Musulmi da yawa an sayar a matsayin bayi, abin da shari'ar da aka kafa daular a kanta ta haramta.

Daga baya Sakkwato ta amince da Aliyu, shi kuma ya ci gaba da aika gaisuwa kamar yadda aka saba. A zahiri an koma yadda ake. Amma kowa ya ga abin da ya faru: Sarkin Musulmi ya naɗa, an kashe wanda ya naɗa, ya kuma dawo ya tabbatar da wanda ya kashe shi. Aliyu ya naɗa wansa Ahmadu Waziri, sarautar da ba a saba da ita ba a Kano ta zamanin Fulani, ya naɗa wani ɗan'uwansa, Abbas, Wambai. Ba a daɗe ba Zazzau ta ɗauki darasi. Da Sarkin Zazzau Yero ya rasu a 1897, magoya bayan ɗansa Kwasau suka fito da makamai, suka sa aka naɗa shi ba bisa zaɓin Sakkwato ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka Kano ta zama kango. Aliyu malami ne kuma mayaƙi. Ya gyara ganuwa, ya ƙarfafa ribaɗoɗi, ya ƙara yawan 'yan bindiga. Sa'ad da Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo hari a 1898 har Gezawa, Kano ta sha wuya, amma birnin bai faɗi ba. Barazanar Damagaram ta ƙare ne a Yuli, 1899, lokacin da Faransawa suka ci Zinder.

5. Yaƙin 1903

Ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, alhali mafi yawanta bai taɓa taka ta ba. Makaminsa shi ne rundunar sojan Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897, hafsoshinta Turawa, dakarunta baƙar fata, da yawansu ma Hausawa. Dabararsa ita ce cin masarautu ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe sarkin da ya yi tsayayya, ya naɗa wani daga cikin 'yan gidan. Haka ya yi wa Bida da Kwantagora da Yola a 1901, da Bauchi a 1902. A Zazzau, Kwasau da kansa ya nemi taimakon Turawa a kan hare-haren Ibrahim Nagwamatse. Suka shigo a 1902, kafin shekarar ta fita suka kama shi.

A watan Oktoba, 1902, abubuwa biyu suka faru. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya gudu zuwa Kano, Aliyu ya karɓe shi da girmamawa. A cikin watan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, Attahiru ɗan Ahmadu ya gaje shi. Na farko ya ba Lugga hujjar da yake nema, ko da yake hukumar London ba ta so a buɗe sabon yaƙi ba. Na biyu ya buɗe wa Aliyu hanyar da ta daɗe a rufe. Tun da ya hau gado bai je Sakkwato ba, saboda abin da ke tsakaninsa da Abdurrahman. A farkon Janairu, 1903, ya tashi da manyan Kano da mahaya wajen 2,000 don ya yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a, ya bar birni a hannun manyan bayinsa.

Ranar 29 ga Janairu Kanar Molan ya tashi daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da Turawa ƙasa da 40, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ranar 1 ga Fabrairu ya fasa ƙofar Bebeji da igwa. Ranar 3 ga wata ya tsaya a gaban ganuwar Kano, wadda zagayenta ya kai mil 11, kaurinta a gindi ya kai ƙafa 40. Igwa ba ta iya yi wa ginin komi ba, ƙofar Dukawuya kuma an gina ta a kan kwana yadda ba za a auna ta daga nesa ba. Sai Molan ya zagaya zuwa ƙofar Kabuga ya fasa ta. Masu tsaro suka watse, Sarkin Shanu da 'yan tsirarun da ke tare da shi suka tsaya a Gidan Rumfa har aka kashe su. Bisa rahoton Turawan, Kanawa wajen 300 suka mutu, su kuwa ba a kashe musu ko mutum ɗaya ba.

Labarin ya riski Aliyu a ƙasar Zamfara yana kan hanyar komowa. A Birnin Goga ya sulale da dare ya bar rundunarsa. Da gari ya waye aka rabu gida biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa. A ƙarshen Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi, baradensa suka auka wa wata ƙaramar ƙungiyar soja da ba ta kai mutum 50 ba, ƙarƙashin Laftana Rait. Sojojin suka yi sahu kusurwa huɗu suna harbi, mahaya suka yi ta kai hari suna zubewa, Waziri ya faɗi a wurin. Wambai Abbas kuwa ya ja sauran jama'a, da mata da yara, ya komo Kano a farkon Maris ya sallama wa Lugga. An kama Aliyu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Birgediya Janar Kembal ya ja runduna zuwa Sakkwato. Ranar 15 ga Maris aka yi karo a Giginya, a bayan gari, ba a kai azahar ba aka gama. Attahiru ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da Magajin Keffi. Daga tashin Molan daga Zariya zuwa faɗuwar Sakkwato kwana 45 ne.

6. Abin da Basasa Ta Jawo

Idan aka dubi fagen daga kawai, Basasa ba ta sauya komi ba. Bindiga mai ruwa tana zubo harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya, barade kuwa sai sun iso tazarar mashi kafin su yi aiki. Sakkwato ba ta yi basasa irin ta Kano ba, amma ba ta fi ta daɗewa ba. A Omdurman ta Sudan a 1898, runduna mai yawan dubbai, mai shugaba ɗaya, ta gamu da irin wannan ƙarshe. Ko da Tukur bai taɓa hawa gado ba, ƙofar Kabuga ba za ta jure wa igwa ba.

Illar Basasa a wurare uku take. Na farko, ta kashe yarda tsakanin Sakkwato da masarautarta mafi arziki, a daidai shekarun da ake bukatar shawara ɗaya. Daga 1897, lokacin da sojojin Kamfanin Neja suka fara cin Bida da Ilori, zuwa 1902, babu wata runduna ta haɗin gwiwa da ta fita, kowace masarauta ta fuskanci Nasara ita kaɗai. Na biyu, bashin mubaya'ar da Aliyu bai biya ba shi ya fitar da shi daga birni tare da zaratan mahayansa ana saura wata ɗaya a kawo hari. Na uku, wanda ya fi sauran daɗewa, Basasa ta koya wa 'yan sarki cewa ana iya samun gado ta hannun mai ƙarfi, tabbatarwa kuma ta biyo baya. Ta kuma bar gidaje biyu masu da'awa. Duk wanda ya hau gadon Kano bayan 1903 ya san cewa zuriyar Tukur na nan, Turawa ma sun sani.

Ba daidai ba ne a yi wa Abbas hukuncin gaggawa. Hanyoyi uku ne a gaban shugabannin lokacin, faɗa, ko hijira, ko zama da jama'a ƙarƙashin mai rinjaye, kuma malamai sun yi muhawara a kan kowace. Waziri Buhari da kansa, bayan ya nemi fatawa, ya komo Sakkwato don kada a bar talakawa ba jagora. Abin da ya kamata a duba shi ne sharuɗɗan da aka gindaya. Ranar 21 ga Maris, 1903, wajen naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba, Lugga ya bayyana wa manyan Sakkwato cewa Fulani sun sami ikon mulki da karɓar haraji da naɗa sarakuna da tuɓe su ta hanyar cin yaƙi, yanzu kuma an ci su, saboda haka ikon duka ya koma hannun Ingila. A farkon Afrilu ya naɗa Abbas a Kano. Daga ranar sarki zai yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, ba zai kai hari ba, ba zai sa haraji ba sai da yardar Gwamna, hukuncin kisa ma sai an tabbatar daga sama. Gaisuwar da ake kai wa Sakkwato ta tsaya.

A nan ne labarin Sifen da na Kano suka haɗu. Malbaro ya shiga ana tsakiyar wuta, ya yi shekara goma yana yaƙi da runduna mai dubbai. Lugga ya zo bayan wuta ta mutu, ya gama cikin mako bakwai da mutanen da ba su kai dubu biyu ba. Amma ƙarshen iri ɗaya ne. Filib ya riƙe rawani da sharaɗi, Abbas ya sami rawani da sharaɗi, abin da ke ƙarƙashin rawanin kuma ya tafi London.

7. Daga Sakkwato Zuwa Kaduna

Turawa ba su jinkirta amfani da sabon ikon ba. A Zazzau sun naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. A Katsina sun tuɓe sarakuna biyu na gidan Dallazawa a jere, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906, sarauta ta koma wani gida gaba ɗaya. A Kano, Razdan Kagil ya naɗa bawan sarki, Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, Waziri a 1908 ba da son Abbas ba, sai a 1909 aka warware naɗin. Adamu Fika ya bi diddigin waɗannan al'amura a littafinsa na 1978 kan Basasa da mulkin Turawa. Gidan Bello bai sake hawa gado ba. Duk sarakunan Kano tun daga 1894 zuriyar Abdullahi Maje Karofi ne.

Ikon naɗi ya fara zama a Zungeru. Da Lugga ya dawo a 1912, ya zaɓi wani wuri a ƙasar Gbagyi, inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙetare kogin Kaduna. Sojoji suka fara sauka a 1913, hedkwata ta biyo a 1917. Garin da aka kafa don soja da ofisoshi shi ne ya bunƙasa, ya bazu kudu da kogi har Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha da Kamazou. Daga Kaduna ne gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar binciken da ta kai ga murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 ikon ya koma hannun gwamnoni. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. A Kano an raba masarauta biyar a 2019, an tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu a 2020 aka naɗa Aminu Ado Bayero, a 2024 kuma aka soke dokar aka mai da Sanusi, magana ta tafi kotu.

8. Kammalawa

Sarkin Musulmi Abdurrahman yana da cikakken ikon naɗa wanda ya so a 1893, babu wanda ya yi jayayya da wannan. Abin da ya rasa shi ne yardar waɗanda za a mulka, kuma da ya yi amfani da ikon ba tare da ita ba, ikon ya zube a hannunsa. Wannan hukunci bai tsaya ga Sarkin Musulmi kaɗai ba, ya hau kan duk wanda ya gaji alƙalamin naɗi bayansa, Razdan ne ko Firimiya ko Gwamna.

Ma'aikacin gwamnati kuma yana da abin dubawa a rayuwar Waziri Buhari. Ya san gaskiyar halin da Kano ke ciki, ya faɗa wa ubangidansa, aka ƙi ji, ya aiwatar da umurnin da ya san ƙarshensa. Shi ne kuma daga baya aka ɗora wa aikin sulhu da Aliyu, shi ne ya tsaya a gaban Lugga a 1903 yana sauraren shelar ƙarshen ikon da gidansu ya yi kusan shekara ɗari yana riƙe wa Sarkin Musulmi. Tsakanin naɗin Tukur da wannan shela, shekara tara ne da wata uku.